Daga Goyo Zuwa Sanda: Yadda Garkuwar Jiki Take Tsufa

Ina gaida iyayenmu da kakanninmu na nan Zariya da sauran unguwannin Maradi, ina gaida mutanen Tibirin Gobir, da masu lambu na Jiratawa waɗanda na san wasunsu rediyo na rataye a reshe suna ban ruwa. Shirin lafiya na yau na tsofaffi ne, amma samari da matan gida kada ku tashi, don ku ne kuke jinyarsu, kuma ku ne kuke yanke shawarar ranar da za a kai su gidan likita.

Akwai magana guda da nake so mu zauna a kanta, ita ce "tsufa ne". Baba ya kwana biyu bai taɓa tuwo ba, a ce tsufa ne. Inna ta wayi gari tana kiran jikanta da sunan ƙanenta da ya rasu tun tuni, a ce tsufa ne. Tari ya yi wata biyu a ƙirjin dattijo, a ce sanyin tsufa ne. Tsufa gaskiya ne, kuma duk wanda Allah Ya ja kwanansa zai iske shi. Sai dai da yawa daga abin da muke jingina wa tsufa ciwo ne mai suna, mai magani, wanda ya samu ƙofa saboda garkuwar jiki ta yi rauni. Abin da masu bincike suka gano game da wannan rauni shi nake so in kawo muku yau.

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne gano cuta da kashe ta. A ɓargon ƙashi ake yin su. Wani kashi daga cikinsu, kafin ya fara aiki, sai ya biya ta wata ƴar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, wadda likitoci suke kira timus. Ku ɗauke ta kamar makarantar allo. Can ne ƙwayoyin suke koyon bambance abin da yake na jiki da abin da yake baƙo, kuma wanda bai iya karatun ba ba a barinsa ya fita. Wani mai bincike, Jacques Miller, shi ya gano aikinta a 1961. Kafin nan ana zaton ba ta da wani amfani. Makarantar nan tana cike maƙil lokacin da mutum yake yaro. Daga balaga sai ta riƙa ƙanƙancewa, kitse yana cin wurinta, har ya zama ɗan shekara 70 kaɗan ne sababbin almajirai da take yayewa. Tsofaffin almajiran suna nan, sun haddace cututtukan da suka taɓa gani, amma idan baƙuwar cuta ta zo, masu koyon sabon karatu sun yi ƙaranci.

Mun ga wannan a 2020 da korona ta shigo. Cuta ce da babu jikin da ya santa, kuma a ko'ina cikin duniya tsofaffi ta fi kashewa. Ɗaya daga dalilan da suka sa ba ta yi mana ɓarnar da ta yi wa Italiya ba shi ne kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba.

An daɗe ana cewa da mutum ya girma timus ta gama aikinta, har likitocin fiɗa kan cire ta idan ta tare musu hanya wajen aikin zuciya. A 2023 masu bincike a Boston ta Amurka suka bi bayan manya fiye da 1,000 da aka cire musu ita, suka kwatanta su da waɗanda aka yi wa irin aikin ba a cire ba. Cikin shekara 5, kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka cire wa sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa bai kai kashi 3 ba, kuma ciwon daji ya ninka a wajen na farko. Ashe ɗan abin da ya rage ma yana tsare mu.

To, me wannan yake nufi a tsakar gidanmu? Abu na farko, kuma idan kun manta da komai kada ku manta da shi: tsoho yana iya kamuwa da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Zazzaɓi aikin garkuwa ne, jiki ne yake ɗaga zafinsa don ya yaƙi cuta. Idan garkuwa ta gaji, zafin ba ya tashi yadda ya kamata. Likitoci sun lissafa cewa tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da cuta mai tsanani ta kama ba sa nuna zazzaɓi sosai, wasu ma ko kaɗan. Mu kuwa mun saba da awon tafin hannu: a taɓa goshi, a ji sanyi, a ce alhamdu lillahi ba masassara. Ga yaro wannan awo yana da ɗan amfani. Ga kaka yana yaudara.

Abin da za a duba shi ne canjin da ya zo farat ɗaya. Dattijon da jiya ya je masallaci da ƙafarsa, yau ya kasa tashi daga tabarma. Tsohuwar da ba ta taɓa ruɗewa ba, yau ba ta san ko safiya ce ko marece ba. Barci mai yawa, ƙin abinci, faɗuwa ba tare da tuntuɓe ba, fitsari a kwance ga wanda bai saba ba, numfashi da sauri. Mantuwar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, sau da yawa ciwon huhu ne, ko ciwon mafitsara, ko zazzaɓin cizon sauro, ko suga da ya hau ko ya faɗi, ko ƙarancin ruwa a jiki. Wannan na ƙarshe ku kula da shi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake wuce 40, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an miƙa masa. Duk waɗannan ana magance su idan an je da wuri. Ku yi masa addu'a, ku ba shi tofi, amma a ranar ku ɗora shi a kan babur ko adaidaita ku kai shi gidan likita mafi kusa. Kada a jira a ga yadda zai kwana.

(Kiɗa)

Masu sauraro, akwai cututtukan da suke shiga jiki tun ƙuruciya, su kwanta shekara 40 ko 50, garkuwa tana danne da su. Ranar da ta sassauta sai su tashi.

Babbansu tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayarsa, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon yake bayyana a jikinsu. Su wa yake bayyana wa? Wanda yunwa ta ci, mai ɗauke da sida, mai ciwon suga, wanda haɗarinsa ya kai ninki biyu zuwa uku, da kuma tsoho. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da zufar dare, a kai majina awo. Maganin kyauta ne, wata 6 ake sha ba fashi. Kuma ku tuna da wa yake kwana ɗakin kaka: jikoki ne. Tarin da aka bari da sunan tsufa, su yake bi. A fagen bincike akwai labari mai daɗi, wata sabuwar allura mai suna M72 ta kare kusan rabin manyan da aka gwada ta a kansu, kuma tun 2024 aka fara babban gwajinta a Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, da mutane wajen 20,000.

Na biyu shi ne ƙurajen nan masu ruwa da suke fito wa mutum a gefe ɗaya na jiki, su bi layi daga baya zuwa ƙirji ko su kama rabin fuska, da zafi kamar an ɗora garwashi. Likitocinmu suna ce musu zona. Mutane da yawa suna ɗauka sammu ne ko wani ƙwaro ne ya bi jiki. Ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro. Ba ta taɓa fita ba, ta ɓuya a jijiya. Akwai magani, aciclovir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen. Idan sun kama kusa da ido, a ranar za a tafi, domin suna iya makantarwa. Idan kuma saurayi ko budurwa suka fito wa, yana da kyau a yi awon sida, don a san abin da ya raunana garkuwar tun da wuri.

Wannan zona ta kawo wani binciken da ya girgiza likitoci a 2025. A yankin Wales na Birtaniya an fara yi wa tsofaffi rigakafinta a 2013, amma allurar ba ta isa kowa ba, sai hukuma ta ja layi: wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1933 zuwa gaba yana da haƙƙi, wanda aka haifa kafin nan ba shi da shi. Ka ga mutum biyu da mako guda ya raba haihuwarsu, rayuwarsu iri ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. Masu bincike na jami'ar Stanford suka duba takardun mutum fiye da 280,000. Cikin shekara 7, waɗanda aka yi wa allurar sun fi ƴan uwansu tsira daga ciwon mantuwa da kusan kashi 20 cikin 100, kuma abin ya fi bayyana ga mata. Ba ina cewa an samu maganin mantuwa ba ne, kuma allurar ba ta cikin rigakafin da ake yi a gidajen likitanmu. Abin da ya sa na kawo shi, ciwon da kowa ya sallama cewa tsufa ne tsantsa, ga shi an ga hannun ƙwayar cuta da garkuwa a cikinsa.

Yanzu bari mu koma goyo, domin garkuwar da mutum zai tsufa da ita tun a zanen goyo ake fara ginin ta.

Ku ɗauki ƙyanda. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan daɗe yana laulayi, yau zawo, gobe tari. A 2019 aka gano dalili. An auna jinin yara 77 a Holan kafin ƙyanda ta kama su da kuma bayanta, sai aka ga ta share tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na kariyar da jikinsu ya tara daga cututtukan baya. Ƙyanda tana kashe ƙwayoyin da suke riƙe da haddar. Yaron da aka yi wa rigakafi bai yi wannan asara ba. Saboda haka uwar da ta kai ɗanta allurar wata 9, ta koma ta biyu, ta tsare masa abin da ya fi ƙyanda yawa.

Sai yunwa. A ƙauyukan Keneba na Gambiya, likitoci suna rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. A 1997 suka fitar da abin da suka gani: waɗanda aka haifa cikin damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, sun fi mutuwa da ƙuruciyarsu bayan sun wuce shekara 15, har kusan ninki 10, kuma yawanci cututtuka masu yaɗuwa ne suka ɗauke su. Daga baya aka auna timus ɗin jarirai a can, aka ga ta fi ƙanƙanta a lokacin yunwa. Gaskiya ita ce da aka nemi irin wannan a Senegal da Bangladash ba a same shi ba, don haka ba doka ba ce a ko'ina. Amma ni ɗan Maradi ba zan ji wannan in wuce ba. Yaran da aka goya zuwa cibiyoyin tamowa a 2005, yau samari ne da ƴan mata, wasu sun yi aure sun haihu. A 2065 su ne dattawan garin nan.

Kuma kada mu ɗauka bincike abin Turai ne kawai. A gundumar Madarunfa, daga 2014, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasa, ta gwada wani rigakafin zawon yara da ake ɗigawa a baki, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi, mai jure zafi na watanni ba tare da firij ba. Jarirai 3,508 aka lissafa a sakamakon da ya fito a 2017, kuma rigakafin ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar da aka yi shi dominta da kashi 67 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Matan ƙauyukanmu da suka riƙa kai ƴaƴansu awo, da ma'aikatan da suka riƙa bin gida gida, suna da rabo a duk yaron da wannan ɗigo ya tsare a ko'ina cikin duniya. Amma a ƙasashe masu wadata irin wannan rigakafi yana wuce kashi 85. Me ya sa garkuwar ɗanmu ba ta amsa kamar ta nasu? Masu binciken sun gwada ba mata masu ciki ƙarin abinci mai gina jiki, ba su ga ya canja amsar jariran ba. Har yanzu ana bin sawun amsar, ana duba hanjin yaro da ƙwayoyin da yake haɗiya daga ruwa da ƙasa.

Rigakafin jika yana kare kaka. A Amurka an fara yi wa jarirai allurar ƙwayar ciwon huhu a 2000, sai aka ga ciwon ya ragu har a wajen masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda ba su aka yi wa ba. Ƙwayar a hancin yara take zama, su suke kai ta ga manya. Nijar ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara a 2014. A gidajenmu kuwa, wa ya kai kaka ɗaukar jika? Ita ke goya shi, ita ke share masa majina da gefen zane, kwano ɗaya suke sha. Don haka Hajiya, Inna, idan surukarki ta ce za ta kai yaro rigakafi, ke ce ya kamata ki fara cewa ta tashi kada rana ta yi. Maganarki ta fi ta kowa nauyi a gidan.

(Kiɗa)

Akwai wani gefen na tsufan garkuwa. Tana rauni wajen yaƙar baƙo, amma kuma ba ta kwantawa gaba ɗaya. Sai ta riƙa ɗan kumburi a ɓoye cikin jiki, wanda ba a gani ba a ji, yana cin jijiyoyin jini da ƙoda a hankali. Wani farfesa ɗan Italiya, Claudio Franceschi, ya bayyana wannan a 2000, kuma shekara 25 ana koyar da shi kamar haka kowane ɗan Adam yake tsufa. A 2025 wasu masu bincike ƙarƙashin jami'ar Columbia suka kwatanta jinin mutanen Italiya da Singafo da na wasu al'ummu biyu masu zaman daji da noma, Tsimane na Bolibiya da Orang Asli na Malesiya. A Italiya da Singafo kumburin yana hawa da shekaru, yana tafiya da cututtuka irin na ƙoda. A wajen mutanen daji kuwa kumburin yana da yawa tun suna matasa, saboda tsutsar ciki da cututtuka, amma ba ya ƙaruwa da tsufa, kuma ba ya jawo musu waɗancan cututtuka.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dattijon da ya yi shekara 50 yana noma a fadamar Gulbi, sannan ƴaƴansa suka dawo da shi Zariya suka ce ya huta, daga ɗaki sai ƙofar gida, shayi mai suga sau uku a yini, shinkafa da mai da dunƙulen miya, jikinsa ya ɗauki nauyin zamani biyu: cututtukan ƙauye na ƙuruciya, da hawan jini da suga na birni. Irin wannan jiki shi ya kamata a yi nazarinsa, kuma ina fata malamai da ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su ɗauki aikin, tunda garin nan ya riga ya nuna zai iya binciken da duniya take karɓa. Mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma kyautar maganin yara da aka fara a 2006 tana da hannu a ciki. Waɗanda aka ceto za su tsufa. Yau ma masu shekara 60 zuwa sama sun kai wajen miliyan ɗaya a ƙasar nan.

Maganin hana tsufa fa? A ɓeraye an samu abubuwa. A 2009 wani magani, rapamycin, ya ƙara wa ɓeraye kwana, kuma a asibitin Mayo na Amurka an nuna cewa idan aka cire gajiyayyun ƙwayoyin jiki daga tsofaffin ɓeraye suna ƙara kuzari. A jikin mutum kuwa, har yau babu ƙwaya ko garin da aka tabbatar yana mayar da tsoho yaro. Duk wanda ya zo da lasifika a kasuwa, ko ya turo muku murya ta WhatsApp yana cewa nasa yana ƙarfafa garkuwa yana wanke jini, kuɗinku yake so.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙananan ƙwayoyin da masu tallar magani a faranti suke ba tsofaffi don ciwon gwiwa da baya, irin su dexamethasone da prednisolone, dangin waɗanda mata suke sha don ƙiba, ake ce musu sha ka fashe. Ranar farko tsoho zai ji kamar an sake shi, ya ci abinci, ya miƙe. Amma aikin wannan magani shi ne danne garkuwa. Idan aka daɗe ana sha, yana tayar da suga, yana hawar da jini, yana sa ƙashi ya yi saurin karyewa, yana buɗe wa tarin fuka da zona ƙofa. Wanda ya riga ya yi makonni yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya je likita ya rage masa sannu a hankali. Ku ƴaƴa, yau da dare ku buɗe ledar maganin Baba ku ga abin da ke ciki, ku kai wa ma'aikacin lafiya ya karanta muku.

Sauran abin yi ba mai tsada ba ne. Tsoho yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da yadda muke zato, amma haƙora sun zube, sai a bar shi da koko da farau-farau. A dama masa fura da nono mai kauri, a dafa wake ya yi laushi, a ba shi ƙwai, a sa ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogalen Jiratawa a daka shi yadda zai iya haɗiya. A bar shi ya taka zuwa masallaci, a bar ta ta yi ƴan aikace-aikacenta. Kwanciya tana cinye tsoka cikin kwanaki. Gidan sauro na kowa ne, har da shimfiɗar kaka. Kuma duk wanda ya haura 40 ya riƙa awon hawan jini, ya nemi awon suga, ko da ba ya jin komai.

Wanda zai raka tsoho gidan likita ya zama wanda yake zaune da shi, wanda zai iya cewa ran Talata lafiyarsa lau, ran Laraba ya fara ruɗewa, ga kuma magungunan da yake sha. Wannan bayani shi likita ya fi buƙata, kuma majinyacin ba zai iya bayar da shi da kansa ba.

Nan za mu dakata a shirin yau. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.